Ladubban wasan jiyokashin

Jiyokashin wasa ne na neman abin da aka ɓoye, wanda ake yi a waje da taimakon na'urar GPS ko wayar hannu. Wani ɗan wasa yakan ɓoye mazubi a wani wuri, ya ɗauki lambobin da ke nuna ainihin wurin a taswira, ya wallafa su a intanet. Sauran 'yan wasa sai su bi lambobin su nemo mazubin, su sa hannu a takardar da ke ciki, su mayar da shi inda suka same shi. Mazubin da abin da ke cikinsa su ake kira ajiya. A Turanci ana rubuta sunan wasan geocaching, kuma ya haɗa kalmomi biyu ne: geo ta Girkanci, mai nufin ƙasa, da cache wadda Turanci ya aro daga Faransanci, mai nufin maɓoyar kaya.

Ladubban jiyokashin su ne ƙa'idoji da al'adun da 'yan wasa suke bi wajen neman ajiya, da ɗaukar abubuwan bibiya daga wuri zuwa wuri, da kula da ajiyar da mutum ya ɓoye. Wasu a rubuce suke a shafin Geocaching.com, wasu kuma al'ada ce da aka saba. Muhimmancinsu ya zo ne daga yadda wasan yake: babu alƙali, babu mai gadi. Mai ajiya yakan bar kayansa a daji ko a bakin titi, ya dogara ga mutanen da bai taɓa gani ba. Idan mutum ɗaya ya ci amana, ajiya ta ɓace, ko mai fili ya hana wasan a filinsa, duk waɗanda za su zo daga baya ne suke asara.

Tarihi

Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka tana rage ingancin siginar GPS da fararen hula suke samu da gangan, ta yadda na'ura kan yi kuskuren da ya kai kimanin mita 100. A ranar 2 ga Mayu, 2000, aka daina yin haka bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, kuskuren ya ragu ƙwarai. Washegari, 3 ga Mayu, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokitin roba kusa da Beavercreek a jihar Oregon, don ya gwada ko za a iya gano shi da lambobi kawai. Ya zuba littafin sa hannu, da fensir, da littattafai, da kaset ɗin bidiyo, da gwangwanin wake, da wasu tarkace. Dokar da ya kafa guda ce: wanda ya ɗauki wani abu, ya bar wani. Mike Teague ne ya fara gano bokitin.

A ƙarshen watan Mayu na shekarar, Matt Stum ya ba da shawarar sunan da ake amfani da shi yanzu. A ranar 2 ga Satumba, 2000, Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiyoyi 75. Kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle ne yake gudanar da shafin. A shekarar 2017 adadin ajiyoyin da ke aiki ya kai miliyan 3, a ƙasashe sama da 190, kuma Amurka da Jamus ne suke kan gaba. Ajiya mafi daɗewa da har yanzu ake nema ita ce Mingo, a jihar Kansas, wadda aka ɓoye a watan Mayu na 2000.

Wasan yana da magabaci a Ingila. Tun shekarar 1854 James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool da ke yankin Dartmoor, don matafiya su riƙa barin katinsu a ciki. Daga nan aka samu al'adar ɓoye akwatuna a bi su da kwatance.

Ƙa'idojin sun ƙaru ne a hankali, bisa matsalolin da aka ci karo da su. Bokitin Ulmer kansa ba zai samu amincewa a yau ba, domin an binne rabinsa a ƙasa, kuma akwai abinci a ciki; duka biyun an hana su daga baya.

Ladubban mai nema

Na'urar GPS takan kai mutum kusa da ajiya ne kawai. Idan ya rage kamar mita 10, sai ya ajiye na'urar ya yi amfani da ido. A nan ne ɓarna ta fi faruwa: tumɓuke ciyayi, da rushe jeren duwatsu, da karya rassan itace. Tunda ƙa'ida ta hana binne ajiya, mai nema ba shi da dalilin haƙa rami ko ɓalle wani abu. Haka kuma ba a tsallake shinge ko shiga fili bayan an rufe shi.

Sa hannu. Abin da ke tabbatar da cewa mutum ya gano ajiya shi ne sunansa na wasa da kwanan wata a takardar da ke ciki. Ganin mazubi daga nesa bai wadatar ba. Mai ajiya yana da damar goge rahoton duk wanda ya ce ya gano alhali sunansa ba ya cikin takardar. Saboda ƙananan mazubai ba sa ɗaukar biro, 'yan wasa sukan tafi da nasu.

Musaya. Manyan ajiyoyi sukan ƙunshi ƙananan kayan wasa, da maɓallai, da maƙalan makulli. Wanda ya ɗauki abu, ya bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Idan kowa ya ɗauki mai kyau ya bar marar amfani, cikin 'yan watanni ajiyar takan koma tarin murafen kwalba da tsoffin tikiti. Ba a barin abinci, ko alewa, ko wani abu mai ƙamshi, domin dabbobi suna bin ƙamshin su farfasa mazubin. Ba a barin wuƙa, ko harsashi, ko ashana, ko giya, ko magani, saboda yara ma suna buɗe ajiyoyi.

Ɓoyewa daga idon jama'a. Wanda bai san wasan ba idan ya ga an ciro wani abu daga ƙarƙashin benci, yana iya ɗauke shi ko ya zubar. Don haka mai nema yakan jira wurin ya yi sauƙin mutane, ko ya haƙura ya dawo wani lokaci. Amma idan ɗan sanda ko mai fili ya tambaya, abin da ake so shi ne a faɗi gaskiya a yi bayanin wasan.

Mayarwa. Ana rufe murfi da kyau, a mayar da mazubin daidai inda aka same shi, yadda aka same shi. Wasu sukan ga kamar akwai wurin da ya fi, su matsar da shi. Idan mutane goma suka yi haka, ajiyar takan yi nisa da lambobinta, har mai ita ya kasa gano ta.

Rahoto a intanet

Bayan an dawo, ana rubuta rahoto a shafin ajiyar. Manyan nau'o'insa su ne:

Na gano: ga wanda ya sa hannu a takarda.
Ban gano ba: ga wanda ya nema bai samu ba.
Bayani: ga wanda yake da abin faɗa ba tare da ya nema ba, ko ya sake ziyartar ajiyar da ya riga ya gano.
Ana buƙatar gyara: saƙo ga mai ajiya cewa akwai matsala.
Ana buƙatar mai tantancewa: ga babbar matsala, kamar ajiyar da aka yi watsi da ita ko wadda mai fili ba ya so.

Sababbin 'yan wasa da yawa suna jin kunyar rubuta "ban gano ba", suna ganin kamar gazawa ce. Amma wannan rahoto shi ne hanya ta farko da mai ajiya yake sanin cewa wataƙila mazubinsa ya ɓace. Idan mutum biyar suka nema suka rasa kuma kowa ya yi shiru, na shida ma zai ɓata lokacinsa.

Ba a bayyana maɓoyar a rahoto, ko a rubuce ko a hoto. Haka kuma masu ajiya sun fi son a rubuta jimla biyu ko uku game da yadda neman ya kasance, domin wannan ne kaɗai ladan da suke samu a kan kuɗi da lokacin da suka kashe.

Abubuwan bibiya

Abin bibiya wani abu ne mai ɗauke da lamba ta musamman, wanda yake yawo daga ajiya zuwa ajiya a hannun 'yan wasa, ana bin sawunsa a intanet. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne Travel Bug, ɗan allon ƙarfe mai kama da wanda sojoji suke ratayawa a wuya, wanda ake ɗaura wa 'yar tsana ko wani ƙaramin abu. Jeremy Irish ne ya saki na farko a ranar 30 ga Agusta, 2001. Na biyu shi ne Geocoin, tsabar ƙarfe mai zane, wanda Jon Stanley ya fara yi a watan Satumba na shekarar. Akwai kuma masu manna lambar a jikin mota ko riga.

Kowane abin bibiya yana da mai shi, da shafinsa, kuma sau da yawa yana da buri: ya kai wata ƙasa, ko ya ziyarci bakin teku, ko ya zaga ya dawo gida. Wasu sun wuce duniya ma. A 2013 ɗan sama jannati Rick Mastracchio ya tafi da Travel Bug zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda Richard Garriott ya riga ya bar ajiya tun 2008. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairu na 2021, tana ɗauke da lambar bibiya a jikinta. Gwangwanin waken nan na ajiyar farko ma an tono shi daga baya, aka mai da shi abin bibiya da ake kai wa tarukan 'yan wasa.

Lambobi biyu ne ga kowane ɗaya. Akwai lambar sirri da aka buga a jikinsa, wadda da ita ake tabbatar da cewa mutum ya riƙe shi ko ya gan shi. Akwai kuma lambar shafi da ke farawa da haruffan TB, wadda za a iya faɗa wa kowa. Ba a wallafa lambar sirri, ba a kuma ɗora hoton da ya nuna ta, domin akwai masu tattara irin waɗannan lambobi su rubuta rahoton ƙarya daga gida.

Rahotannin abin bibiya daban suke da na ajiya:

Ɗauka: an cire shi daga ajiya, yanzu yana hannun ɗan wasa.
Karɓa: an same shi daga hannun wani, ko a wurin da shafinsa bai nuna ba.
Ajiyewa: an bar shi a wata ajiya.
Ziyara: an kai shi wata ajiya amma an ci gaba da riƙe shi.
Gani: an gan shi an bar shi a inda yake.

Shafin yana lissafa nisan tafiyarsa ne daga ajiya zuwa ajiya bisa waɗannan rahotanni, saboda haka rahoto ɗaya da aka tsallake yakan ɓata lissafin. Misali, idan wani ya ajiye Travel Bug da safe bai samu damar rubuta rahoto ba, wani ya zo da yamma ya ɗauka, ladabi shi ne na biyun ya jira kwana biyu ko uku, ko ya aika wa na farkon saƙo. Idan ya yi gaggawar rubuta "karɓa", shafin zai nuna kamar abin bai taɓa shiga wannan ajiya ba. Wanda ya gaji da jira yakan rubuta "karɓa", sannan ya ƙara "ziyara" a ajiyar da ya samo shi, don hanyar ta fito daidai.

Abin bibiya ba kayan musaya ba ne. Wanda ya ɗauka ba sai ya bar wani abu a madadinsa ba, kuma ɗaukar ba ta mai da shi nasa ba. Ana so a duba burinsa kafin a ɗauka, a kuma matsar da shi cikin kamar mako biyu. Wanda wani uzuri ya sa zai riƙe fiye da haka, sai ya sanar da mai shi. Ba a ajiye shi a ajiyar da ke kan dutse mai nisa wadda ake ziyarta sau ɗaya a shekara, ko a mazubin da ya fashe, ko a wanda ke wurin da ake yawan sata. Ba a cire abin da aka ɗaura masa, ba a kuma ƙara wani sai da izini.

Duk da haka da yawansu suna ɓacewa. Wasu sababbin 'yan wasa ne suke ɗauka a zaton kyauta ce, wasu kuma sukan manta da su a aljihun jaka bayan sun daina wasan. Wanda ya buɗe ajiya bai ga abin da shafi ya ce yana ciki ba, sai ya ambata a rahotonsa. Mai abin ko mai ajiyar yana iya yi masa alamar ɓacewa, don kada wasu su yi tattaki dominsa. Saboda tsadar Geocoin, wasu masu shi sukan riƙe na ainihin a gida, su saki kwafi mai ɗauke da lambar.

Kula da ajiya

Wanda ya ɓoye ajiya ya ɗauki nauyinta har ranar da zai janye ta. Kafin a wallafa ta, mai tantancewa, wanda ɗan sa-kai ne, yakan duba ko ta cika sharuɗɗa. Daga ciki akwai izinin mai fili, da tazarar aƙalla mita 161 tsakaninta da wata ajiya, da nisantar layin dogo, da makarantu, da sansanonin soja. Ba a yarda da ajiyar talla ba. Ana so ajiya ta zauna aƙalla wata 3. Ba a kuma amincewa da wadda mutum ya ɓoye a wurin da ya je hutu, sai ya nuna wanda zai riƙa duba ta a can.

Zaɓen mazubi shi ne rabin aikin. An kasa girma kashi huɗu: ɗan mitsitsi, ƙasa da mililita 100, ƙarami, har zuwa lita 1, matsakaici, har zuwa lita 20, da babba, sama da haka. Tsohon akwatin harsashi na ƙarfe da robar abinci mai murfin kullewa sun fi jure ruwa. Gwangwanin fim da robar da murfinta ba ya kamawa sukan jiƙa takarda cikin damina ɗaya. Ana rubuta sunan wasan a jikin mazubi, a kuma goge duk rubutun soja da ke jikin akwatin harsashi.

Dalilin wannan rubutu ya fito fili a garin Wetherby na Ingila a ranar 1 ga Yuli, 2011. An ga wani mutum yana ajiye ƙaramin akwati a wani titin kasuwa, aka kira 'yan sanda. Aka rufe tsakiyar garin na tsawon sa'o'i, shaguna suka yi asarar ciniki, masu kwance bam suka tarwatsa akwatin, sannan aka gane ajiyar jiyokashin ce. Irin wannan ne ya sa ake son mazubi mai nuna abin da ke ciki a cikin gari, ake kuma guje wa gadoji da gine-ginen gwamnati.

Aikin mai ajiya ya haɗa da karanta rahotanni, da kai ziyara lokaci-lokaci, da canza takardar da ta cika ko ta jiƙe, da sauya mazubin da ya fashe, da goge rahotannin ƙarya. Idan aka rubuta "ana buƙatar gyara", alamar jan sifana takan bayyana a shafin, kuma ba ta gushewa sai mai ajiya ya rubuta rahoton gyara. Rubuta wannan rahoto daga gida ba tare da an je wurin ba abu ne da 'yan wasa suke ƙyama. Wanda ba zai iya zuwa da wuri ba, sai ya dakatar da ajiyar na ɗan lokaci, yawanci har zuwa mako 4. Shafin yana kuma da tsarin da ke auna lafiyar kowace ajiya bisa rahotanni, ya aika wa mai ita saƙo idan alamun matsala sun yi yawa. Idan aka yi shiru, mai tantancewa yana iya dakatar da ita, daga baya ya rufe shafinta.

Wanda ya ƙaura ko ya gaji yana da hanya biyu: ya miƙa ajiyar ga wani ɗan wasa ta tsarin riƙo da shafin ya tanada, ko ya rufe ta da kansa. Idan ya rufe, wajibi ne ya je ya ɗauke mazubin cikin kwana 60, domin mazubin da babu mai nema shara ne.

Muhalli

Tun 2002 'yan wasa suke da shirin CITO, wanda ma'anarsa ita ce a shiga neman ajiya a fito da shara. Mutum yakan tafi da leda ya tsince abin da ya gani a hanya, ana kuma shirya tarukan gayya don share wuraren shaƙatawa da dasa itatuwa. A 2004 aka fara wani nau'i mai suna EarthCache tare da ƙungiyar masana ilimin duwatsu ta Amurka. Shi babu mazubi. Mai nema yakan je wurin ya amsa tambayoyi game da yanayin ƙasar. Wannan ya dace da wuraren da hukuma ba ta yarda a bar komai ba.

Saɓani tsakanin 'yan wasa

Abin da aka fi jayayya a kansa shi ne gyaran ajiyar wani. Kusan kowa ya yarda cewa ƙara busasshiyar takarda ko goge ruwan da ya shiga mazubi taimako ne, muddin an ambata a rahoto. Amma akwai masu neman ajiya su rasa, sai su ajiye sabon mazubi daga jakarsu, su rubuta "na gano". Sau da yawa ajiyar ainihin tana nan, su ne ba su gan ta ba, sai a wayi gari da mazubi biyu a wuri ɗaya. Idan kuwa ta ɓace da gaske kuma mai ita ya daina wasan, sabon mazubin yakan ɓoye matsalar, ajiyar da ba ta da mai kula ta ci gaba da tare wurin da wani zai iya amfani da shi. Masu goyon bayan yin haka suna cewa da shi ake ceto tsoffin ajiyoyi masu tarihi. Ƙa'idar shafin ita ce kada a sauya mazubi sai da izinin mai shi.

Akwai kuma saɓani a kan ajiyoyin da ake kira otel, waɗanda aka tanada don abubuwan bibiya kusa da manyan hanyoyi da filayen jirgin sama. Wasu masu su sukan ce kada a ɗauki ɗaya sai an bar ɗaya. 'Yan wasa da dama suna kiran irin wannan kurkuku, domin yana tsare abin da mai shi ya saki don ya yi tafiya.

Kalmomin 'yan wasa

Wasan ya haifar da kalmominsa, yawancinsu gajerun haruffa daga Turanci, waɗanda masu wasu harsuna ma suke amfani da su yadda suke. TFTC na nufin godiya ga mai ajiya. DNF na nufin an nema ba a gano ba. FTF shi ne wanda ya fara gano sabuwar ajiya. TNLN na nufin ba a ɗauki komai ba, ba a bar komai ba. BYOP gargaɗi ne cewa mai nema ya zo da bironsa. Wanda bai san wasan ba ana ce masa magul, kalmar da aka aro daga littattafan Harry Potter na J. K. Rowling, inda take nufin mutumin da ba shi da sihiri. Daga ita aka ƙirƙiri aikatau, ta yadda idan wani na waje ya ɗauke ajiya ko ya lalata ta, da wannan kalma ake ba da labari a rahoto.